Mutumin Da Ke Barci A Jikin Bango

Auta na tsaye a tsakar ɗaki tana goge shuɗiyar rigar aikinta, bakinta na motsi tana bitar abin da za ta faɗa wa baƙi, ko da yake shekara biyu ke nan tana faɗarsa sau uku a rana.

"Ke dai kin zama rediyo," in ji Umma daga ƙofar kicin. "Ko a barci sai in ji kina 'Jama'a ku matso nan.' Jiya saura kaɗan in tashi in sayi tikiti."

"Kai Umma! Ke ai kyauta zan zagaya da ke."

"Rufa mini asiri da gwiwoyin nan. Ni dai gaya mini, yaushe mutanen Mai Agogon naki za su zo? Kawunki ya tambaye ni har sau biyu."

Auta ta sunkuyar da kai tana ninke rigar. "Ƙarshen wata ya ce. Wai mahaifinsa ba ya son fita, sai an lallaɓa shi."

"Allah ya nuna mana. Maza, kar ki makara."

Aikinta shi ne yi wa baƙi jagora a ɗan zagayen tsakiyar gari, awa ɗaya da rabi, zango uku. Ana farawa da tsohuwar hasumiyar agogo, ta ba su tarihin kafuwar gari. Daga nan a gangara zuwa dogon bangon da ke bakin kogi, inda wani mai zane ya zana faɗuwar tsohuwar gada shekara talatin da biyar da suka wuce, faɗuwar da ta ci rai goma sha ɗaya. A ƙarshe a shiga ɗakin kimiyya, baƙi su yi ta ɗora ƙarafa a kan wata 'yar gada ta gwaji har ta lanƙwashe. Duk abin da za ta faɗa a rubuce yake cikin takarda mai shafi huɗu da Manaja ya ba ta ranar da ta kama aiki. Har wuraren da za ta tsaya a yi dariya an ja musu layi.

A zango na farko ta haɗu da Mai Agogo. Shi ke hawa matakala ɗari da ashirin kowace safiya ya ɗaure agogon gari, ya sauko da baƙin mai a yatsunsa daidai lokacin da take tara baƙi. Tun yana wucewa da sallama har ya koma tsayawa yana gyara mata shekarar da aka kafa hasumiyar. Daga gyara aka koma zolaya, daga zolaya zance ya yi nisa. Abu ɗaya ne ba ta taɓa lura da shi ba: bai taɓa rakiyarta ta wuce kwanar da ake gangarawa bakin kogi ba.

Ranar nan baƙinta goma sha huɗu ne. Cikinsu akwai wani dattijo dogo siriri mai sanda, da wata mata mai kimanin shekara arba'in da biyar tana riƙe da hannunsa, fuskarta a ɗaure kamar mai bin bashin gaisuwa. A hasumiya dattijon ya saurara sosai yana gyaɗa kai, har ya yi murmushi. Da aka nufi gangare sai ya rage tafiya.

"Baba, mu koma," Auta ta ji matar ta ce a hankali.

"Mun riga mun fito. Mu ƙarasa."

Zanen ya kai tsayin bene hawa biyu. Ga gada ta karye a tsakiya, ga motoci cikin ruwa, ga hannuwa a sama. Can gefe kuma, an zana wani mutum a kishingiɗe kan kujera, hular kwano ta rufe masa rabin fuska, baki a buɗe.

"Jama'a ku matso nan!" Auta ta ɗaga murya tana nuni. "Wannan bawan Allah shi ne injiniyan da aka ba amanar gadar. A tarihin garin nan ba a taɓa yin ma'aikaci mai son aikinsa kamarsa ba — har katifa ya mayar da shi! Ku saurara da kyau, wai har yanzu ana jin sa."

Ta karkatar da kai, ta rufe ido, ta ja minshari mai tsawo kamar yadda aka koya mata. Baƙi suka fashe da dariya, wasu na ɗaukar ta a waya.

"'Yata."

Ta buɗe ido. Dattijon ne, ya matso gaba yana dogara sanda.

"Na'am Baba?"

"Wa ya gaya miki barci yake yi ranar?"

"Ai a rubuce yake, Baba. Kowa ya sani."

"Ke da kanki kika bincika?"

"A'a... takardar da aka ba mu a ofis ce."

Ya daɗe yana kallon bangon. "To. Allah ya yi miki albarka," ya ce. Sai ya zube zaune a bakin hanya.

Auta ta ruga da gorar ruwa, matar ta kaɗe hannunta har gorar ta faɗi.

"Kar ki taɓa shi! Kin ji daɗi? An tafa miki? Dube shi da kyau, ki dubi bangon. Wannan da kike wa minshari a gaban duniya shi ne ya haifi wanda kike son ki aura! Mun ce bari mu zo mu ga yarinyar a wurin aikinta ba tare da ta sani ba. To mun gani. Alhamdu lillahi, mun gani!"

Auta ba ta san yadda ta ƙarasa zagayen ba. A ɗakin kimiyya ƙarafan gwaji suka yi ta zamewa daga hannunta.

Da yamma Mai Agogo ya zo ƙofar gidansu, idanunsa jajur, ya tsaya nesa kamar baƙo.

"Me ya sa ba ka gaya mini ba?" ta ce. "Wata goma muna tare! Kullum sau uku ina cin mutuncin mahaifinka, kai kana can sama kana juya agogo!"

"Ban san da minsharin ba, wallahi. Na san za ki tsaya a bangon, shi ya sa ba na binki. Tsoro na ji, Auta. Na ce in kika san ɗan waye ni..."

"Sai in guje ka? Haka ka ɗauke ni?"

"Ba ki san abin ba ne. Ni bayan faɗuwar aka haife ni. Yaya Babba, wadda kika gani tare da shi, ita ta sha wuyar. Tana aji huɗu yara ke binta suna 'yar mai barci, 'yar mai barci, har ta bar makaranta. Manemanta biyu suka fasa. Baba kuwa tun ranar da aka sallame shi bai ƙara tako tsakiyar gari ba sai yau, saboda ke." Ya dubi ƙasa. "Tun da aka kai shi gida bai ce uffan ba. Yaya ta rantse in na ƙara ambaton sunanki, babu ni babu ita."

"Kai kuma me ka ce?"

Ya kawar da kai gefe. Ta gane amsar, ta ce:

"Abu ɗaya zan tambaye ka. Da gaske barci yake yi?"

"Bai taɓa cewa e ko a'a ba. In an tambaye shi sai ya ce wanda ya rasa ɗa a ruwa ya fi shi buƙatar wanda zai zarga."

Kwana uku Auta tana kuka, Umma na zaune gefen gado tana shafa bayanta. "Bakin da ya yi ɓarna shi ke gyara," in ji ta a rana ta huɗu. "Kuka ba ya wanke kowa. Dattijon nan tambaya ya yi miki, ba zagi ba. Ki je ki nemo amsarta."

A ƙasan ginin hukumar gari akwai ɗakin ajiye tsofaffin takardu, mai warin ƙura da fanka ɗaya. Wani dattijo ke gadinsa, ana ce masa Malam Fayil. Can Auta ta koma yin hutun rana. Ba ta cin komai, sai kwance ƙunshin takardu da ɗaurewa.

"Shekara ashirin ina nan," in ji Malam Fayil, "ban da ɓeraye ke ce ta farko da ta nemi akwatin gadar nan. Su ma ɗin kusurwa kawai suka karanta."

Wata huɗu ta yi tana tono. Mai Agogo ya canza lokacin hawansa, sai ta riƙa jin bugun agogo ba ta ganin mai shi. Ta rame har rigar aiki ta yi mata yawa. A bango kuwa ta daina minshari, tana faɗin adadin mamata ta wuce.

A wata na biyar ta same su, cikin fayil ɗin gyaran kwatami inda wani ya cusa su. Wasiƙu uku ne da hannun Injiniya, yana roƙon a hana manyan motoci hawa gadar domin ƙafarta ta tsakiya ta tsage. A kan kowacce an rubuta da jan biro: a dakata sai bayan damina. Ƙarƙashinsu ga hoton da mai zane ya kwaikwaya daga jarida — kujerar, hular, buɗaɗɗen bakin. Ta juya bayansa. Mai hoton ya buga kwanan wata: kwana biyu bayan faɗuwar gadar. Ta ƙura ido ta ga abin da ba a zana ba, wandonsa jiƙe da laka har ƙugu, tafin hannunsa naɗe da bandeji. Mutum ne da ya kwana biyu yana janyo gawa daga ruwa, ya zauna ƙarfinsa ya ƙare.

Ta kifa kai a kan akwatin ta yi kukan da ya fi na farko. Malam Fayil ya kashe fanka don kada takardun su tashi, ya fita ya ba ta wuri.

Washegari ta ajiye kwafin a teburin Manaja. Ya ɗaga su da yatsa biyu, ya mayar.

"Sori, Auta, amma mu ba kotu ba ne. Zagaye muke sayarwa. An ma kawo mini ƙara kin daina wasan nan, alhali shi mutane ke ɗauka su tura wa 'yan uwansu."

"Ranka ya daɗe, ƙarya ce fa! Mutumin yana raye. Yana da 'ya'ya!"

"Ni na zana shi? Ki faɗi abin da ke takarda, ko ki ajiye rigar."

Zagayen sha ɗaya na safe ta tsaya gaban bangon da wasiƙun a hannunta, ta karanta wa baƙi ashirin da biyu daga farko har ƙarshe. Ta nuna musu bayan hoton. Ta ce, "Ni ma na yi shekara biyu ina gaya wa mutane ƙarya a nan. Duk wanda ya taɓa jin ta daga bakina, ya yafe mini." Ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya tafa. Kafin azahar an karɓi rigar.

Ta zauna gida tana taya Umma ɗinki, tana rubuta wa hukumar gari takardar neman gyara. Ta farko ba amsa. Ta biyar aka ce ana dubawa. Ta tara aka ce jami'in ya tafi hutu.

Gidan su Mai Agogo can ƙarshen gari yake, mota biyu ake hawa. Zuwan farko Yaya Babba ta leƙo ta rufe ƙofa. Na biyu ta tsaya a bakin ƙofar, hannu a ƙugu.

"Wai ke ba ki da zuciya ne? Ko sabon minshari kika koyo kika zo gwada mana?"

"Yaya, takarda ce kawai. Ki ba Baba, ba sai na shiga ba."

"Ni ba yayarki ba ce. Takarda ta kashe mu, takarda za ta tashe mu? Tun ranar nan tsohon nan bai ƙara miƙewa da ƙafarsa ba. Ki tafi tun ina ganin mutuncinki."

A zuwa na uku ta tarar da mahaifiyarsu tana shara a ƙofar gida. Tsohuwar ta dube ta daga sama har ƙasa, ta dubi ambulan ɗin da ya fara yagewa don yawan riƙo.

"Ke ce yarinyar?"

"Ni ce, Mama." Ta durƙusa.

"Tashi. Wanda ya zo sau uku ba tsokana ta kawo shi ba. Shigo."

Injiniya na kwance a ɗaki mai taga ɗaya, ya ƙara zama siriri. Mai Agogo na zaune a ƙasa yana matsa masa ƙafa. Da ya gan ta hannunsa ya tsaya cak. Yaya Babba ta taso za ta yi magana, Mama ta ɗaga mata hannu.

Auta ta durƙusa a bakin gadon. "Baba, ka tambaye ni ko na bincika da kaina. Ban bincika ba a lokacin. Yanzu na bincika."

Ta buɗe wasiƙa ta uku ta fara karantawa. "Ina sake roƙo a karo na uku, tsagewar da ke ƙafar tsakiya ta ƙaru da faɗin yatsa biyu cikin mako guda. Idan ba a..."

"...idan ba a rufe ta ba kafin ruwa ya ƙaru," wata siririyar murya ta karɓa daga kan filo, "ina tsoron abin da za mu amsa a gaban Allah."

Idon tsohon a rufe, hawaye na gangarawa cikin kunnensa.

"Sun ce mini ba su taɓa ganin wasiƙa ba," ya ce. "Har na fara shakkar ko na rubuta."

Yaya Babba ta fizge hoton, ta juya bayansa, ta sake juyowa. "Bandejin nan... ni na riƙe wa Mama almakashi ranar da aka naɗa shi." Ta zame jikin bango ta zauna, ta saki kuka irin na yarinya 'yar aji huɗu. "Baba, ni ma fa na zarge ka! Shekara talatin da biyar ina kare ka a waje, a zuciyata ina cewa da bai yi barci ba..."

"Na sani, uwata. Na sani."

Ya miƙo hannu yana lalube, Auta ta sa kanta a ƙarƙashinsa.

"Baba ka yafe mini."

"Ba ke kika zana ba, ba ke kika rubuta ba. Bakinki aka ara. Amma ƙafar da ta je ta tono, taki ce." Ya juya wajen ɗansa. "Kai kuma, ka bar yarinya ita kaɗai wata nawa tana faɗan gidanku? Kunya ba ta kama ka ba?"

Mai Agogo ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga kan zanen gado. "Ta kama ni, Baba."

"To ka je ka gaya wa iyayenta muna tafe. Ko a kujera ne a ɗauke ni."

Ba a ɗauke shi ba. Kwana tara bayan haka Allah ya karɓi abinsa, da hantsi, wasiƙun na ƙarƙashin filonsa. Yaya Babba ce da kanta ta jagoranci masu zuwa gidan su Auta bayan an share makoki. Da ta shiga ɗakin Umma ta kama hannun Auta ta ce, "Ƙanwata, bakina ya yi miki zafi."

"Nawa ne ya fara, Yaya."

Aka ɗaura aure ba tare da wani taro ba. Shugabar ɗakin kimiyya, wadda labari ya kai mata, ta ɗauki Auta aiki a ɓangarenta. Yanzu in yara suka gama lanƙwasa gadar gwaji, sai ta nuna musu kwafin wasiƙun, ta ce ga wanda ya lissafa daidai aka ƙi ji. Ana zaune lafiya, har Allah ya ba su ɗa namiji, aka mayar masa da sunan kakansa.

A takarda ta goma sha huɗu hukumar gari ta amsa. Aka aiko wani ya manna ɗan allo a gindin bangon, wanda bai fi tafin hannu biyu ba, mai cewa bincike ya nuna akwai sauran bayani game da wannan zane. Sauran bayani! Ba suna, ba ban haƙuri, ba ambaton wanda ya riƙe jan biro. Ƙarya mai hawa biyu, gyara mai tafin hannu biyu, kuma sai mutum ya durƙusa kafin ya karanta.

Haƙurin Auta ya biya ta, ta sami mijinta da dangi masu ƙaunarta. Amma yara, ku riƙe wannan: maganar da aka miƙo muku a rubuce ba ta zama gaskiya don an buga ta da inji ba. Kafin ku sa mutane dariya da sunan wani, ku tambaya ko kun bincika, domin wanda kuke wa dariyar uban wasu ne, kuma wataƙila yana tsaye a cikin taron. Su kuma masu iko da bango da fenti, su sani haƙƙin dattijon nan bai sauka daga wuyansu ba. Auta ta riga ta kai takarda ta goma sha biyar, an buga mata hatimin karɓa, ranar Litinin za ta koma jin amsa.